Tsiron da zai jure zafin Afrilu: wanne za ka sa a ƙaramin akwatin kifi a Maraɗi?

Wanda ya ajiye akwatin gilashi mai cin lita 20 zuwa 60 a falo, da ƴan kifayen ado a ciki, ba ya daɗewa furen roba yake isar sa. Roba ba ta mutuwa, amma ba ta tsinana wa ruwa komai. Gansakuka ta lulluɓe ta, a cire a wanke, a mayar, bayan mako biyu a sake. Daga nan ne sha'awar tsiro mai rai take zuwa, ta zo kuma da ruɗani: a sayi irin wanda ake gani a bidiyon intanet, a aiko da shi daga nesa da kuɗi masu kauri, ko a gangara bakin tabki a tsinko na kyauta?

Yawancin shawarwarin da mutum zai ci karo da su an rubuta su ne a ƙasashen da ake sa wa ruwan kifi na'urar ɗumamawa. Mu nan lamarin a juye yake. Abin da ke kashe mana tsiro da kifi shi ne bazara, musamman daren da aka ɗauke wuta. Saboda haka ga ma'aunin da nake ganin ya dace a bi, kafin a zo kan tsirran ɗaya bayan ɗaya.

Abubuwan da za a duba

Na farko zafi. Tsirran da ake sayarwa don akwatin kifi galibinsu sun fi jin daɗi tsakanin digiri 22 da 28. A watan Afrilu da Mayu zafin rana a Maraɗi yakan haura 40, kuma ruwa kaɗan ba ya da ƙarfin riƙe sanyi. Akwatin lita 20 a ɗaki mai rufin kwano yana iya wuce digiri 32 da yamma. Ruwan ɗumi kuma iskar oksijin ɗinsa kaɗan ce: a digiri 25 lita ɗaya tana riƙe wajen miligiram 8, a digiri 35 wajen 7 kawai, alhali a lokacin ne kifi ya fi buƙatarta. Ga wani abu da masu farawa ba su cika sani ba: tsiro yana ba da oksijin ne idan akwai haske. Da dare shi ma shaƙa yake yi, yana rabon iskar da kifin. Akwatin da aka cunkushe da ciyawa, a daren bazara, babu wuta, babu na'urar busa iska, shi ne wanda ake wayar gari a ga kifayensa sun taru a sama suna haki.

Na biyu haske. Tsiro yana son awa 6 zuwa 8 a rana. Idan wutar unguwarku ba ta da tabbas kuma ba ka da sola, dole ka zaɓi wanda hasken taga zai ishe shi. Hasken taga na ce, ban ce rana kai tsaye ba. Rana ta awa biyu a kan ƙaramin gilashi tana dafa ruwan, ta kuma mai da shi kore shar.

Na uku shi ne saurin girma, kuma a nan ne ciniki yake. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama ammoniya, wadda guba ce, sannan ƙananan halittun da ke cikin tsakuwa da matata su mai da ita nitirat. Tsiro yana shan duka biyun. Mai saurin girma ya fi tsabtace ruwa, amma yana son yanka duk mako. Mai nawa ba ya ba da wahala, sai dai aikinsa ya fi karkata ga ado. Babu tsiro ɗaya da ya haɗa biyun.

Sai kuɗi, wanda ya haɗa da na aike da hasarar da ake yi a hanya. Sai haɗari: abin da tsiron zai shigo da shi gidanka, ga kifi da ga yara.

Anubiyas

Da shi zan fara domin shi na fi amincewa da shi. Asalinsa ma na yankinmu ne na Afirka: Anubias barteri yana fitowa a bakin ƙoramun dazuzzukan kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru, a inuwa. Ƙaramin nau'insa da ake kira nana tsayinsa ba ya wuce santimita 10 zuwa 15, daidai da ƙaramin akwati. Ganyensa kauri ne, kore mai duhu, kifi ba ya iya yagar sa.

Ba a dasa shi a cikin yashi. Yana da wani kauraren gindi da ke kwance, wanda ganye ke fitowa ta samansa, saiwa ta ƙasansa. Idan aka binne wannan gindin ruɓewa yake yi, kuma wannan ne ya fi kashe shi a hannun masu farawa. Ana ɗaure shi ne da zare a jikin dutse ko busasshen icen da aka daɗe da jiƙawa. Cikin ƴan makonni saiwar ta kama da kanta. Amfanin wannan a wurinmu babba ne. Ran da ruwa ya yi zafi fiye da kima, ko za ka yi tafiya, sai ka ɗauke dutsen da tsironsa ka sa a bokiti a wuri mafi sanyi na gidan, kusa da randa.

Yana jure ɗaukewar wuta na kwanaki ba tare da ya nuna komai ba. Yana jure digiri 30 na ɗan lokaci, ko da yake girmansa yakan tsaya cik. Tafiyar mota ma ba ta cika yi masa illa ba idan an naɗe shi da jiƙaƙƙiyar takarda a cikin leda, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga kayan da za su taso daga Yamai, fiye da kilomita 600, ko su ƙetaro iyaka ta Ɗan Isa.

Aibinsa biyu. Shi ne mafi tsada a wannan jeri, kuma nawarsa ta kai inda ganye ɗaya kan ɗauki makonni kafin ya fito, don haka ba zai rage maka canjin ruwa ba. Sannan idan haske ya yi yawa gansakuka tana zama a kan ganyen, tunda ganyen ya daɗe a wuri ɗaya. Maganin wannan inuwa ce: a ajiye shi a kusurwa, ko a ƙarƙashin tsiro mai yawo a saman ruwa.

Ganyen Java

Sunansa na kimiyya Microsorum pteropus, asalinsa daga kudu maso gabashin Asiya. Kusan duk abin da na faɗa kan anubiyas ya hau kansa: ɗaurewa ake yi, ba a binnewa, haske kaɗan ya ishe shi, kifi ba ya cin sa. Ya fi tsayi, santimita 20 zuwa 30, don haka a akwatin lita 20 zai cika wuri. Ya fi anubiyas saurin yaɗuwa, domin ƴaƴansa suna tsirowa a bakin tsofaffin ganye, a cire a ɗaura a wani dutse. Ɗigo-ɗigon da ke jere a bayan ganyen ba cuta ba ne, irinsa ne. Amma zafi mai tsawo yana sa ganyensa yin baƙi ya narke. Idan kuɗinka na ɗaya ne kawai cikin biyun, ɗauki anubiyas.

Akwai kuma wani ɗan tsiro mai laushi, mai manne wa dutse da ice, wanda masu sayarwa ke kira mos ɗin Java. Kyakkyawa ne, sai dai ruwan sanyi yake so. Da ruwa ya zarce digiri 28 sai ya fara komawa ruwan ƙasa. Ban ga dalilin kashe masa kuɗi a ɗakin da babu na'urar sanyaya iska ba.

Seratofilum

Ceratophyllum demersum ciyawa ce mai siraran ganye da suka kewaye kara, ba ta da saiwa ko ɗaya. Tana nan a ruwayen kusan duk duniya, har da na Afirka ta Yamma. Jefa ta kawai ake yi a ruwa. Idan aka cusa gindinta a yashi wurin da aka binne yakan ruɓe.

Wajen tsabtace ruwa ba ta da na biyu cikin masu zama a ƙarƙashin ruwa. Tana ƙaruwa da santimita da yawa a mako, tana shanye ammoniya da nitirat, tana kuma hana gansakuka sakewa saboda ta riga ta cinye abincin. Ruwan rijiya ko na famfo mai gishirin ƙasa da yawa bai dame ta ba. Mai kiwon ƙananan kifayen ado irin su gufi ko moli ko filati, waɗanda ke haihuwar ƴaƴa da rai kuma suke cinye su, zai ga amfaninta nan da nan, domin a cikinta jariran ke ɓuya. Kuɗinta kaɗan ne, kuma duk wanda yake da ita yana neman wanda zai ba wa, tunda zubar da ita yake yi duk mako.

Haɗarinta shi ne wanda na ambata a sama. Idan aka bar ta ta cika akwati, da dare ita ce ke shanye iskar. A bazara kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na akwatin. Tana kuma da halin kaɗe ganye gaba ɗaya idan an sauya mata ruwa farat ɗaya ko an sa maganin kifi mai sinadarin tagulla. Ganyen da ya zube a zuƙe shi da siririn tiyo a ranar, kada ya ruɓe a ƙasa. Karan da ya rage tsirara sau da yawa yakan sake toho daga kai.

Balisneriya

Dogayen ganye ne sirara da ke tashi daga ƙasa har saman ruwa. Ita kam dasawa ake yi, a yashi mai kaurin santimita 4 zuwa 5, a bar wuyanta a waje. Tana son ruwa mai gishirin ƙasa, tana jure ɗumi, tana miƙa jijiya a ƙarƙashin yashi ta fitar da ƴaƴa. Tana buƙatar fitila ta gaske, kuma ganyenta yakan kai rabin mita ko fiye. A akwatin da bai kai lita 40 ba za ta kwanta a sama ta rufe komai. Bayan dasawa takan yi kamar ta mutu na mako biyu ko uku. A yi haƙuri da ita.

Kainuwa da bado: na gida

A nan ne zuciya take ja, kuma da dalili. Kainuwa dashen Allah tana nan a tabkuna bayan damina, ba ta san wani abu wai shi zafi ba, saiwarta mai gashi tana sauka cikin ruwa ta zama mafaka ga ƙananan kifi. Da yake ganyenta a iska yake, girmanta na da sauri, tsabtace ruwanta ya kai na seratofilum ko ya fi. Inuwarta kuma ita ce anubiyas yake so.

Amma tana da sharuɗɗa. Tana son haske mai ƙarfi. A ɗaki mai duhu ganyen yakan ƙanƙance ya yi rawaya. Ba ta son murfin gilashi, domin raɓar da ke ɗigowa daga murfin tana ruɓar da ganyen. Ga shi kuma a hunturu akwatin da babu murfi ƙura yake sha. Abin da ya fi dacewa shi ne a yanko ƙyallen gidan sauro a ɗaure a bakin akwatin: iska na shiga, kifi ba ya tsalle waje, ƙurar ma tana raguwa. Kada kuma a bar ta ta rufe fiye da rabin fuskar ruwan, domin ta fuskar ne iska take shiga. Akwai wani jinsin sauro, Mansonia, da tsutsarsa ke manne wa saiwar kainuwa tana shaƙar iska ta ciki, saboda haka ba a barin kainuwa a buɗaɗɗen bokiti babu kifi babu rufi.

Bado kuwa abin mamaki ne. Nymphaea lotus, wanda muka sani a tabkunanmu har ake cin ƴaƴansa da tushensa, danginsa ne ake sayarwa da tsada a shagunan kifin ado na Turai. Ana ɗora tushen a kan yashi, a binne rabinsa kawai. Zai fara fitar da ganye a ƙarƙashin ruwa, sannan ya aika wasu sama. Idan ana yanke masu zuwa sama yakan zauna gajere. Zafi ba ya yi masa komai. Girmansa ne matsalar: ƙasa da lita 60 ba wurinsa ba ne, kuma lokaci-lokaci yakan zubar da ganye ya yi barci, mai shi ya ɗauka ya mutu.

Yanzu ga maganar da ba na son kowa ya tsallake. Tsiron tabki yana zuwa da baƙi: matsattsaku, tsutsotsin ƙwari masu farautar jariran kifi, da ƙananan katantanwa. Wasu daga cikin katantanwar nan, irin su Bulinus, su ne ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, cutar fitsarin jini. Katantanwar da ta kamu tana sakin ƙwayar cikin ruwa na tsawon makonni, ƙwayar kuma ta fata take shiga. Wato hannun da ake tsomawa a akwati, naka ko na ɗanka, ya isa. Shigar da mutum zai yi cikin tabki don tsinko tsiron ma haɗari ce a kan kanta, ko a tabkin Madarunfa ne ko a kududdufin bayan gari.

Wanda ya nace, ga hanya. Ya janyo tsiron da sanda daga gaɓa, da safar hannu ta roba. A gida ya bi shi ganye-ganye ya cire duk katantanwa da ƙwayayenta, waɗanda ke manne kamar ɗigon majina mai haske. Ya jiƙa shi minti 10 a ruwan farmanganat, wanda ake wanke salati da shi, a tsarma shi har ya zama ruwan hoda mai haske, sannan ya ɗauraye sosai. Bayan haka ya ajiye shi shi kaɗai a bokiti mai rufin gidan sauro, mako uku, yana dubawa. Ƙwayar tsargiya da ta bar jikin katantanwa ba ta wuce kwana biyu zuwa uku da rai, kuma katantanwar da aka ƙyanƙyashe a bokitin gida ba ta ɗauke da cutar. Babbar katantanwar da ta zo daga tabki ita ce abar tsoro. Rarar kainuwa kuma a shanya ta ta bushe, kada a mai da ta gulbi ko magudana.

Haka ma yashi. Na Gulbin Maraɗi da rani yana da kyau, amma a wanke shi har ruwan ya fito fes, a kwarara masa tafasasshen ruwa, domin katantanwa tana iya laɓewa a busasshiyar laka ta jira damina.

Fotos da dankali: saiwa a ruwa, ganye a waje

Wannan zaɓin mutane ba sa kawo shi a rai, alhali shi ya fi sauƙin samu a garin nan. Fotos shukar nan ce mai yaɗo, ganyenta mai siffar zuciya, kore da ratsin rawaya, wadda ake samu wurin masu sayar da furanni. A yanko reshe mai gaɓa biyu ko uku, a tsoma gindin a ruwa, ganyen a waje. Saiwa za ta sauko fara tas, tana shan nitirat ba dare ba rana. Da yake numfashin ganyen a iska yake, ba ta yi wa kifi rowar oksijin kamar ciyawar cikin ruwa, kuma inuwar ɗaki ta ishe ta. Reshen dankalin Hausa ma haka yake, har ya fi sauri, saiwarsa kan fito cikin mako guda, sai dai ya fi son haske. Reshen za a sa. Dankalin kansa idan ya nutse ruɓewa yake yi ya ɓata ruwa.

Abin kiyayewa: mai yiwuwa an fesa wa furen kasuwa maganin ƙwari, wanda ɗan kaɗan ɗinsa yake kashe kifi. A wanke reshen, a bar shi ya yi saiwa a kwalba daban na mako biyu ana canja ruwan. Ganyen fotos kuma yana ƙona baki idan yaro ko kyanwa ta tauna, don haka a ɗaga shi sama. Takin gona, ko yuriya ko NPK, kada ya kusanci akwatin kifi da sunan taimakon tsiro. A lita 30 ɗan tsunkule ya isa ya yi ɓarna.

| Tsiro | Kuɗi | Jure zafi | Haske | Tsabtace ruwa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Anubiyas | Mai tsada | Yana jurewa | Kaɗan | Kaɗan | Binne gindi, gansakuka a ganye |
| Ganyen Java | Matsakaici zuwa tsada | Daidai gwargwado | Kaɗan | Kaɗan | Baƙin ganye a dogon zafi |
| Seratofilum | Arha | Yana jurewa | Matsakaici | Sosai | Shan iska da dare, kaɗe ganye |
| Balisneriya | Matsakaici | Tana jurewa | Matsakaici zuwa mai yawa | Da dama | Tsayi ya fi akwati |
| Kainuwa | Kyauta | Sosai | Mai yawa | Sosai | Katantanwa, rufe fuskar ruwa |
| Bado | Kyauta | Sosai | Matsakaici zuwa mai yawa | Da dama | Katantanwa, girma |
| Fotos ko dankali | Kusan kyauta | Sosai | Kaɗan zuwa matsakaici | Sosai | Maganin ƙwari, yaro ya tauna |

Wa zai ɗauki wanne

Mai akwatin lita 20 ko 30 da kifi ɗaya ko ƴan kaɗan, irin ƙaramin kifin adon da ake kira beta, wanda wutarsa ba ta da tabbas: anubiyas nana ɗaya ko biyu a kan dutse, da reshen fotos a baki. Ɗaya ya yi ado, ɗayan ya yi aikin tsabta, kuma babu wanda ɗaukewar wuta za ta kashe cikinsu. Wannan haɗin nake ba wa duk wanda ya tambaye ni yana farawa.

Mai kiwon gufi da moli da yake son ƴaƴansu su rayu: seratofilum daga wurin wani mai kiwo, a rage ta sosai tun daga watan Maris, a sami ƙaramar na'urar busa iska mai batir saboda dare.

Wanda ba ya son kashe ko dala: reshen dankali yau, kainuwa bayan ta gama makonninta uku a bokiti. Idan akwai ƙananan yara masu tsoma hannu a gidan, ya tsaya a kan dankalin kawai, ko ya karɓi kainuwa daga akwatin wani da ta daɗe a can.

Mai lita 60 ko fiye, da sola da fitila ta dindindin: balisneriya a baya, bado ɗaya a tsakiya, anubiyas a inuwarsu. A bazara ya karkata fanka ta riƙa shafar fuskar ruwan, wanda ke sauke zafin da digiri biyu ko uku, ya kuma riƙa cike gibin da ruwan famfo da ya kwana a buɗe don sinadarin kulorin ya fita.

Mai jan kifin nan na zinariya, ko wanda ya sa ƴaƴan karfasa: waɗannan suna tonon yashi suna cin ganye mai laushi, balisneriya da seratofilum suna iya shan wahala a hannunsu. Anubiyas ko ganyen Java da aka ɗaure tam a babban dutse ne suka fi tsira a ciki, sai fotos idan an kare saiwarta da ƴar raga.